Lambun Gida da Darasin Manoman Kura da Bunkure

Yankin noman rani na Kura da Bunkure yana kudu da birnin Kano, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai a kan titin Zariya. Shi ne kashi na farko na aikin ban-ruwa na Kogin Kano, wanda ya ratsa ƙananan hukumomi uku, wato Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara zai ci kimanin hekta 22,000, ko da yake ba dukkan filin aka kai ga gyarawa ba. Ruwansa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin gwamna Audu Baƙo, shekarun da fari ya gallabi ƙasashen Sahel. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da aikin. Ba inji ne ke tura ruwan ba. Gangare yake bi daga Tiga ya biyo ta madatsar Ruwan Kanya, babban kanal ya rabu gida biyu, na gabas da na yamma, daga nan a yi ta rarraba shi ƙanana-ƙanana har ya isa bakin gonar mutum ɗaya.

Wanda yake son fara shuka kayan miya a bayan ɗakinsa ba ya bukatar hekta ko kanal, amma da wuya ya sami wurin koyo da ya fi wannan. A yini guda, tsakanin Disamba da Fabrairu, zai ga kowane mataki na aikin a fili: nan ana renon iri, can ana dashe, gaba kaɗan ana ban-ruwa, a bakin titi kuma ana loda kwanduna a mota. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya san abin da zai ɗauka ya kai gida, da abin da zai bar wa masu noman kasuwa.

Daga Kano, da an haye gadar Tamburawa aka doshi garin Karfi, launin ƙasa yake sauyawa. Bayan busassun gonakin dawa da ƙurar hunturu ta lulluɓe, sai ido ya faɗa kan kore shar hagu da dama, ga masu sayar da ɗanyar masara da gasasshiya jere a bakin hanya a lokacin da ba a ga ɗigon ruwan sama ba wata da watanni. Abin da ya kamata baƙo ya fara lura da shi ba amfanin gonar ba ne, yadda ruwa ke shiga cikinta ne. Manomi yakan tsoma lanƙwasasshen bututun roba a ƙaramar magudana, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya zuƙo ruwan ya kwantar da shi cikin gona. Idan layi ya ƙoshi sai ya cire ya matsa gaba. Ruwan kuma ba kullum yake zuwa ba, akwai ranar kowane sashe, shi ya sa manomin nan ba ya shuka abin da ya fi ƙarfin rabonsa.

Mai lambun gida ma daga nan zai fara lissafi, tun kafin ya sayi iri. A rani, fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana shan ruwa kamar lita 5 zuwa 8 a yini, ya danganta da zafin rana da ƙarfin iska. Ke nan fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai ci kusan jarka guda ta 'yan garuwa kowace rana. Wanda yake da rijiya ko burtsatse a gida yana iya buɗe fangali huɗu ko biyar. Wanda yake sayen ruwa a kura, gara ya tsaya a ɗaya ko biyu, ya haɗa da ruwan alwala da na wanke shinkafa da ganye, waɗanda kullum ake zubarwa a banza. Ruwan wanki mai omo ko bilic ba ya shiga lambu, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa. Mafi yawan lambunan gida da suka mutu ba rashin taki ne ya kashe su ba. An buɗe su ne da faɗi a watan sanyi, da bazara ta shigo ɗaukar ruwa ya gagara.

Lokacin ban-ruwa shi ne sassafe ko bayan la'asar, kuma a gindin shuka ake zubawa. Shayarwa mai nisa wadda za ta ratsa ƙasa ta fi yayyafi sau uku a yini, saboda yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya aka yi fashi sai shukar ta langaɓe. Gwajin ba shi da wuya: a tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi a dakata. Wurin kuma ya zama yana samun rana ta aƙalla awa shida. Gindin mangwaro ko darbejiya, inda mutane suka fi sha'awar yin lambu saboda sanyinsa, shi ne mafi munin wuri, ga inuwa ga saiwar bishiya tana kwashe ruwan.

Garin Kura kansa ya yi suna tun kafin zuwan kanal, da rini da bugun turkuɗi wanda Buzaye ke zuwa saye daga nesa. Yau ƙarar injinan casar shinkafa ce ta fi tashi, kuma a bayan kowane inji akwai tulin ɓuntu. Wannan ɓuntun yana da amfani ga mai lambu ta hanya biyu. Ana shimfiɗa shi a saman fangali don ya tare rana ya rage ƙafewar ruwa, ana kuma babbaka shi sama-sama, ba har ya zama toka ba, a gauraya da ƙasa mai nauyi don ta saki jiki. Ƙasar yankin galibi turɓaya ce mai ɗan laka, irin wadda kayan lambu suka fi so: tana riƙe danshi, ba ta kuma kwantar da ruwa. Tsakar gidan birni ba kasafai take haka ba. Wani wurin jan marmara ne da aka cike da shi lokacin gini, wani wurin ɓaraguzan siminti ne. Irin wannan sai an haƙe shi zurfin kamu ɗaya da rabi, an tsince duwatsu da leda, an cika da ƙasar gona kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, in ƙasar mai danƙo ce a ƙara yashi.

Batun taki ya cancanci a tsaya a kansa. Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin darajarsa. Shekaru aru-aru jakuna ke fitar da shara da kashin dabbobi daga birni zuwa gonaki, abin da ya sa ake nome gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Sharaɗin shi ne takin ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙone ƙananan tsirrai cikin kwana biyu, ɗanyen kashin shanu kuma yana zuwa da irin ciyawa da gwazarma, yana jawo gara. Ana tara shi wuri ɗaya da busasshen ganye da ɓawon kayan miya da 'yar toka, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu. Bayan wata biyu ko uku zai yi baƙi, ya daina wari, ya daina ɗumi idan an cusa hannu. A lokacin ne ya zama abinci. Bokiti ɗaya ko biyu ya ishi kowace mita ta fangali. Takin zamani ƙari ne kawai. Kamfa cikin murfin kwalbar lemo ya ishi gindin tumatir ɗaya, mako biyu bayan dashe, a binne shi nesa da kara kamar faɗin yatsu uku. Yuriya kuwa ta ganye ce, cokali ɗaya a bokitin lita 10, kuma idan ta yi yawa tumatir zai yi ta ganye ya manta da 'ya'ya.

Siffar wurin shukar ma tana bin yanayi. A rani ana yin fangali, wato ɗan fili mai gefe a ɗage don ruwa ya tsaya a ciki, kamar yadda masu lambun fadama suke yi tun zamanin jigo. Albasa da salak da alayyafo da karas a haka ake shuka su. Tumatir da tattasai da attaruhu kuwa a kafaɗar kunya ake dasa su, ruwa ya bi kwari, don ba sa son ruwa ya kwanta a wuyansu. Faɗin fangalin gida kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ciki ba.

Daga Kura zuwa Kadawa tafiya ce ta 'yan mintuna. A nan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, take da tashar gwajin noman rani, kuma a gonakin da ke kewaye ne za a fi ganin yadda manoma ke tsare lokaci. Alkama a tsakiyar Nuwamba ake son ta shiga ƙasa, don ta yi ciki a cikin sanyi. Tumatir ana zuba irinsa tun daga Satumba zuwa Nuwamba, a dasa, ya yi fure a hunturu. Dalilin a bayyane yake: idan zafin rana ya haura digiri 35, dare ma bai yi sanyi ba, furen tumatir zubewa yake yi ba tare da ya ƙulla ba. A Kano kuwa watan Afrilu yakan kai digiri 40. Wanda ya dasa tumatir a Maris zai sha wahalar ban-ruwa, ya samu dogon ganye, ya rasa abin miya, sannan ya ɗora laifin a kan mai sayar da iri.

Saboda haka shekarar mai lambu kashi uku ce. Daga Oktoba zuwa Fabrairu lokacin 'yan sanyi ne: salak, kabeji, karas, albasa, tafarnuwa, lansir, tumatir. Daga Maris zuwa Mayu sai masu jure zafi, irin su alayyafo da kuɓewa da lalo da gurji, su ma da ɗan rufin ciyawa a ƙasa, ƙanana kuma da 'yar rumfa da tsakar rana. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ta rama ce da yakuwa da kuɓewa da kabewa da yalo da barkono. Kuɓewa da aka shuka a tsakiyar hunturu takan tsaya cak ba ta girma, kamar yadda salak ɗin bazara yake yin ɗaci ya miƙe ya fitar da fure. Ga sabon shiga, babu watan farawa kamar Oktoba: ƙasa na da sauran danshi, ciyawa ta fara ja da baya, cututtukan damina sun lafa.

Wurin renon iri ɗan ƙaramin fili ne a gefen gona, sau da yawa an rufe shi da karan shinkafa. Ana zuba irin a layi, ba zurfi, a rufe da lallausar ƙasa, a shimfiɗa ciyawa a kai, a riƙa shayarwa a hankali. Da zarar ya tsiro ake yaye ciyawar, in ba haka ba tsiron zai yi tsawo ya yi fari ya karye. A gida tsohuwar roba ko kwando mai huji ya wadatar. Tumatir yana isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, tattasai da attaruhu mako biyar zuwa shida, albasa mako shida zuwa takwas. Ana rage wa tsiron ruwa kwanaki kaɗan kafin a cire shi don ya yi ƙwari, a shayar da shi sosai ranar cirewa, a ɗauke shi da ƙasar gindinsa, a dasa da yamma. Tazarar tumatir kamar santimita 45 zuwa 60 ce, albasa 10 zuwa 15, salak 25 zuwa 30. Hannun sabon manomi ba ya son yin tazara, yana ganin asarar wuri ce, alhali cunkoso ne ke hana iska shiga ya kawo cuta. Karas da kuɓewa da gurji da lansir ba a dasa su, inda za su zauna ake shuka su, daga baya a rage. Irin alayyafo kuwa saboda ƙanƙantarsa ana cakuɗa shi da yashi kafin a watsa.

Iri ana sayar da shi a gwangwani da 'yar leda, ana kuma aunawa a murfi. Na aunawa ya fi araha, amma ba a san shekarunsa ba, irin albasa kuwa da ya shekara ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Kafin a ba shi wuri, a ɗauki ƙwaya goma a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na kwana biyar zuwa bakwai. In bakwai ko takwas suka tsiro, iri ne. Tsofaffin nau'o'in tumatir irin su Roma da UC82B ana iya ajiye irinsu a sake shukawa. Na aure, wanda kamfanoni ke sayarwa da tsada, yana ba da yabanya mai kyau a shukar farko, amma 'ya'yansa ba sa gado.

A Kwanar Gafan, cikin ƙaramar hukumar Garun Malam, ake ganin ƙarshen labarin tumatir. Kasuwa ce ta lokaci guda, tana cika a watannin ɗiba, manyan motoci na lodin kwanduna zuwa Legas da sauran biranen kudu. Da yake kowa a sanyi ɗaya ya dasa, kowa a mako ɗaya yake kawowa, farashi ya faɗi warwas. Abin da bai samu mai saye ba a yanka shi a baza a rana ya zama kauɗa. Bayan 'yan watanni kwandon da aka yi ta roƙon a saya sai ya gagari talaka. Don magance wannan ne kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatirin gwangwani a Kadawa a 2016, mai iya markaɗe tan 1,200 a yini, amma ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir a farashin da zai yi wa ɓangarorin biyu daɗi. A shekarar da aka buɗe ta ɗin ce kuma tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka ne, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya bazu zuwa Afirka. Tsutsar tana shiga tsakiyar ganye ta yi ta ci daga ciki, inda feshi ba ya isa gare ta sosai.

A nan ne mai lambun gida zai raba hanya da manomin Gafan. Shi manomi caca yake yi da kasuwa, dole ya cika gona da abu ɗaya. Mai gida kuwa tukunya yake nomawa, tukunya kuma kullum kaɗan take so. Tumatir, duk da shi kowa ke fara mafarki, shi ne mafi rigima a cikin kayan lambu, gindi biyar ko shida sun isa gwaji a shekarar farko. Abin da ya dace a fara da shi ganye ne. Lansir yana isa yanka cikin mako biyu zuwa uku, alayyafo cikin mako huɗu, kuma in an yanke shi sama da gindi zai sake tofowa sau biyu ko uku. Salak ana iya ɓallar ganyensa na waje a bar zuciyar ta ci gaba. Dabarar ita ce kada a shuke fangali duka rana ɗaya. A raba shi uku, a shuka kashi ɗaya yau, na biyu bayan mako biyu, na uku bayan wasu biyun. Ta haka gida ba zai cika da alayyafon da ya fi ƙarfin ci a mako guda ba, sannan a koma saye.

Hanyar Bunkure daga Karfi take ballewa ta nufi Rano. Ta fi titin Zariya shiru, gonakin kuma sun fi nuna gauraye: albasa a fangali, masara a kan iyaka tana tare iska, kabeji, kokwamba, kankana, jefi-jefi da rake. A cikin ƙauyuka, bayan dangar kara, ana hango abin da ya fi kusa da lambun gida na ainihi, wato zogale a jikin shinge, kabewa ta hau rumfa, gindin barkono kusa da wurin wanke-wanke. Galibi aikin mata ne da yara, kuma ba a kiransa noma, amma shi ke fitar da gida kunya ranar da babu kuɗin cefane.

Kayan ƙamshi ma a wannan sahun suke, kuma sun fi komai sauƙi domin yawancinsu ba sa bukatar iri. Na'a-na'a reshenta ake yankowa, ko daga cikin wadda aka sayo ta shayi, a tsoma a ruwa kwana kaɗan ta yi saiwa a dasa. Tana son danshi da 'yar inuwa, tana kuma yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa har ta mamaye maƙwabtanta, shi ya sa ake ware mata tsohon bokiti ita kaɗai. Ɗoɗɗoya tana kamawa daga iri ko reshe. A riƙa tsinke kanta da furenta don ta yi rassa, in an bar ta ta yi 'ya'ya ganyen raguwa yake yi. Ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami gindinta ake tsagawa a dasa, shekara guda ta zama dami. Shuwaka sanda ake caka wa a ƙasa mai laima. Albasar da ta tsiro a kicin, maimakon a jefar, a binne ta a samu lawashi. Tafarnuwa sala-sala ake shuka ta, kan yana sama, a farkon sanyi, sai dai tana cin wata huɗu zuwa biyar, ba ta mai gaggawa ba ce. Zogale kuwa idan ya kai tsayin ƙirji a sare kansa, in ba haka ba zai tafi sama ya bar mai shi da neman sanda.

Da safe a gonakin Kura da Bunkure ba a rasa mai goye da tankin feshi, sau da yawa babu takalmi babu abin rufe hanci. Wannan ɗabi'a ce da bai kamata ta shiga gida ba. Maganin ƙwari kowanne yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci abin da aka fesa wa, an rubuta a jikin kwalbar, ganyen da ake tsinka kullum kuwa ba ya ba da damar wannan jiran. Lambun da bai fi taku goma ba ido da hannu sun ishe shi. A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa, nan darɓa da farin ƙuda suke taruwa. Tsutsar kabeji a tsince ta, ganyen tumatir da aka ga farin zane a cikinsa a cire a ƙone, gindin da ya nannaɗe ya ƙi girma a tuge shi gaba ɗaya kafin ƙuda ya kai cutar ga sauran. Idan abin ya yi yawa, a daka busassun 'ya'yan darbejiya kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulun wanka, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaron ci da hayayyafa yake yi. Baƙin tabon da ke fitowa a ƙasan tumatir kuwa ba ƙwaro ba ne, alamar ban-ruwa ne na yau an yi gobe an fasa.

A tsakar gida kuwa manyan ɓarayin ba su da fiffike. Akuya ɗaya tana gama aikin wata biyu kafin a idar da sallah, kaji suna tone wurin reno, ƙadangaru suna bin sabon tsiro. Shinge kafin shuka ake yin sa, ko na kara ko na waya, tsohon gidan sauro kuma yana rufe wurin reno da kyau.

Akwai wani abin da matafiyi zai gani a wuraren da suka yi kwari: fili ya jiƙe ya koma fadamar dole, kacalla ta cika magudanar da aka haƙa don fitar da ruwa, wani wurin ƙasa ta yi farin busa kamar an barbaɗa kanwa. Shekarun da aka yi ana shayarwa ba tare da magudanan fita suna aiki ba ne suka jawo haka, kuma yashe su na cikin ayyukan gyaran da aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Abin da ya faru da hekta yana faruwa da bokiti. Wanda gidansa siminti ne ko yake haya yana iya shuka a buhu ko tsohuwar jarka ko taya, amma sai ya huda ƙasan, ya ɗora a kan duwatsu yadda rarar ruwa za ta fita. Saiwa tana numfashi, in ta kwana biyu a cikin ruwa ruɓewa take yi, ganye ya yi rawaya, mai shi ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Tumatir da attaruhu suna son mazubi mai zurfin santimita 30 ko fiye, gindi ɗaya a buhu ɗaya. Ganye da na'a-na'a rabin haka ya ishe su. Buhu ya fi ƙasa saurin bushewa, a bazara sai an shayar safe da yamma. Ruwan da ya taru a ƙarƙashi kuma kada a bari ya kwana uku, saboda sauro.

Ɗiba da sassafe ta fi, kafin rana ta sa ganye ya yi laushi. Kuɓewa duk bayan kwana biyu ake cire ta, in ta tsufa a jiki uwar takan rage haihuwa. Albasa ana yanke mata ruwa idan wuyanta ya fara kwanciya, a bar ta ta sha iska a inuwa kafin a adana. Abin da ya yi rara a bi da shi yadda aka saba, kuɓewa da tumatir a yanka a shanya a kan tabarma ko tire, ba a ƙasa ba, zogale da na'a-na'a a inuwa don kada su dushe. Gindin da ya fi kowanne lafiya shi ake bar wa iri, a bushe shi sosai, a zuba a kwalba da 'yar toka.

Wajen Mayu da Yuni gonakin Kura da Bunkure sukan sauya kama, inda aka cire tumatir da albasa da alkama a shiga shirin shinkafa. Wannan juyin yana rage wa ƙasa cututtukan da suka saba da amfani guda. A gida ma haka ake yi gwargwadon wuri: tumatir da tattasai da attaruhu da yalo dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya, don haka ba a maye gurbin ɗaya da ɗaya. Inda suka tashi a sa alayyafo ko albasa ko wake. Idan an tuge gindi aka ga saiwarsa ta yi ƙulli-ƙulli, ƙasar ta kamu da tsutsar saiwa, sai a juye ta a bar ta ta sha ranar bazara, a ƙara mata ruɓaɓɓen taki, a kuma hutar da ita daga wannan dangin da kuɓewa na shekara biyu. Kafin ruwan farko ya sauka a rushe gefen fangali a tayar da kunya, a buɗe wa ruwan indararo hanyar wucewa, sannan a shuka rama da yakuwa da kuɓewar damina.